Kifin da ke kwana cikin katantanwa: abin da na gani bayan na riƙe shi a Yamai

Duk mai sha'awar kiwon kifin ado a ɗaki a nan Yamai, wanda ba shi da wurin ajiye ƙaton akwatin gilashi, ya nemi ɗan kifin nan Neolamprologus multifasciatus, wanda masu kiwonsa ke ce wa multi. Na riƙe shi ya ga bazara ya ga hunturu a hannuna, kuma kuɗina bai tafi a banza ba. Sai dai akwai magana a kan kayan da aka haɗa mini da shi, da kuma bayanin da mai sayarwa ya yi mini.

Kifin ɗan'uwan karfasa ne, danginsu ɗaya, amma namijin da ya gama girma bai wuce santimita 5 ba, macen kuwa da ƙyar take haura 3. Asalinsa tafkin Tanganyika, wanda Tanzaniya da Kwango ta Kinshasa da Burundi da Zambiya suka kewaye, tafkin da zurfinsa ya kai wajen mita 1,470, babu wanda ya fi shi zurfi a duniya sai Baikal na Rasha. A ƙasan tafkin akwai wuraren da katantanwar wani dodon koɗi mai suna Neothauma ta taru jibgi-jibgi, domin ruwan can ba ya cinye ta da wuri. Cikin waɗannan katantanwu kifin yake kwana, nan yake ɓuya, nan macen take saka ƙwai.

Na samo kifayen wajen wani mai sayar da kifin ado da tsuntsaye, shi ma odarsu yake yi daga waje, saboda haka sai da na jira, kuma sun fi jan kifin nan da aka saba gani tsada nesa ba kusa ba. Ya haɗa mini da akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wato lita 54, da matatar ruwa mai injin lantarki, da na'urar ɗumama ruwa, da tsakuwa mai launi. Na yaba masa abu guda: kifayen sun zo da lafiyarsu, kowanne cikin katantanwarsa a leda. Da na tambaye shi batun ruwa sai ya ce, "Malam, waɗannan ba su da wata wahala, ruwan famfo ya ishe su." A nan ne bai yi mini adalci ba.

Ruwan Tanganyika mai nauyi ne, cike da ma'adinai, awonsa na pH, wato ma'aunin tsamin ruwa ko akasinsa, yana kaiwa wajen 9. Ruwan famfon Yamai kuwa daga kogin Kwara ake ɗebo shi a tace, kuma ruwan kogin nan sakayau ne, ma'adinansa kaɗan. Takardar gwajin ruwa ta nuna mini haka tun kafin in zuba kifin. Abin da nake yi shi ne, in ɗebi ruwa a bokiti ya kwana a buɗe don sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ke ciki ya fice, sannan in narkar da ƙaramin cokali ɗaya na bikarbonat, wato farin garin soda na girki, cikin kowace lita 20. A bayan akwatin na jera ƴan gutsattsarin dutsen farar ƙasa da wani aboki ya kawo mini daga wajen Malbaza, suna sakin ma'adini a hankali. Wasu sun ce in sa kanwa tunda ga ta a kowace kasuwa. Ban sa ba, kuma ba zan ba kowa shawarar sawa ba, domin ƙarfinta ya bambanta daga wannan dunƙule zuwa wancan, shi kuwa kifin nan canjin ruwa na farat ɗaya ya fi komai cutar da shi.

Tsakuwar da aka ba ni ko buɗe ta ban yi ba. Multi maginin ƙasa ne, rairayi yake so. Na samo rairayin kogi mai laushi, na wanke har ruwan ya fita garau. Katantanwa kuma yara suka tsinto mini busassu a bakin gonakin shinkafa na Saga, masu girman lemun tsami, na tafasa su na goge. A ba kowane kifi biyu ko uku, in an samu fiye da haka ma ya fi.

Wanda bai zauna gaban akwatin nan da yamma ba, ba zai gane abin da ya sa nake yabon kifin ba. Za ka ga ƴar mace ta cika bakinta da rairayi daga gindin katantanwarta, ta yi iyo kamar taku ɗaya, ta tofar da shi daidai kan iyakar maƙwabciyarta, ta koma ta sake ɗebowa. Maƙwabciyar ta kwashe ta mayar mata. Haka za su yi ta yi har katantanwar ta nutse cikin rami, gilashin ƙasa ya bayyana, tudu ya tashi tsakaninsu. Duk shimfiɗar da ka yi wa rairayin da safe, kafin dare sun sāke mata fasali yadda suke so. Saboda wannan tonon ne ya wajaba dutse ya zauna a kan gilashi kai tsaye, kada a ɗora shi bisa rairayi ya zo ya rufta musu.

Haihuwarsu ma ba a ganin lokacin da aka yi ta. Sai dai wata rana ka lura uwar ta daina nisa da ƙofa, tana kaɗa ƙayoyin gefenta tana tura ruwa ciki. Can sai ga wasu ƴan ƙananan abubuwa masu manyan idanu suna leƙowa daga bakin katantanwar, da inuwa ta gifta su faɗa ciki gaba ɗaya. Abin da ya fi burge ni, manya ba sa cin ƙanana, kuma ƴaƴan fari ba a korarsu in an yi na biyu. Zama suke kamar gidan gandu, kowa da ɗakinsa, gida ɗaya. Danginsu Lamprologus ocellatus ya fi su launi, amma ya fi su faɗa, shi ya sa ga ƙaramin akwati na fi son multi.

Sai babbar jarrabawa, wato zafi. Kifin yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura 40. Ruwa in ya ɗumama iskar shaƙa tana raguwa a cikinsa, in aka ɗauke wuta a irin wannan lokaci matata ta tsaya, nan da nan za ka ga kifin ya baro katantanwa ya hau sama yana haki. Ban taɓa ganin abin da ya tayar mini da hankali a kiwon nan kamar wannan ba. Na mayar da akwatin ɗakin da rana ba ta bugunsa, na ɗaga murfin, na kafa ƴar fanka tana hura saman ruwan. Da yake iskarmu busasshiya ce kafin damina, tururin da ke tashi yana sauke zafin sosai. Ruwan da ya ƙafe kuma da ruwa zalla ake cika shi, ba a ƙara bikarbonat, domin ma'adinin bai tafi tare da tururin ba. Ranar da abin ya tsananta, gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe, a bar ta tana yawo a sama.

Game da kayan da na saya: akwatin mai kyau ne, bai taɓa yoyo ba. Matatar lantarkin na cire ta, tana zuƙe ƴaƴan kifi kuma injinta yana ƙara wa ruwa ɗumi. Matatar soso mai aiki da iska na sa a madadinta, ina matse soson cikin ruwan da na zuƙo daga akwatin, ba a bakin famfo ba, don kada a kashe ƙwayoyin halittar da ke narkar da kashin kifi. Na'urar ɗumama ruwa sai dararen Disamba da Janairu take amfani. Abin da ya fi cancanta a sa cikin kayan tun farko, wanda babu shi, shi ne ɗan injin hura iska mai batir da ke tashi da kansa in wuta ta tafi. Kada kowa ya kawo kifin nan gida a Yamai bai tanade shi ba.

Cinsu kaɗan ne, garin abincin kifi ɗan mitsitsi sau biyu a rana, sai canjin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Mai son kifi mai ƙyalli da baƙo zai hango daga ƙofa, wannan ba nasa ba ne, launinsu ruwan ƙasa ne da ratsi-ratsi. In kuma yawansu ya kai a rage wa wani, ba a bin su da koma. A ɗauki katantanwar da kifin a ciki, a cikin ruwa, a sa a kofi, kuma kada a yar da wata katantanwa don an ga kamar babu kowa a cikinta.