Taku goma daga bango

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu zane da buga takardu a Garwa, musamman ƙannena da muka zauna shago ɗaya a Yelwa. Kun sha tambayata yadda sana'armu take a Faransa. Watana goma sha huɗu ke nan a Liyon, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne tun a makona na uku.

Na je neman aiki wani ƙaramin gidan buga takardu, na tafi da aikin da na fi alfahari da shi, wato bandarol, babban allon talla, na shagon shadda da atamfa na babbar kasuwa, wanda muka kwana biyu a kansa. Mai wurin dattijuwa ce. Ta sa aka buga shi a babbar takarda, ta manna a bango, ta ce in ja da baya taku goma. Na ja. Ta ce, "To, karanta mini lambar wayar." Wallahi ni na rubuta lambar nan, amma daga inda nake tsaye na kasa raba 3 da 8. Ruwan gwal ce a kan hoton shadda ruwan ƙasa, ga inuwa, ga ƙyalli da na ƙara mata. Sai ta shiga ƙirga salon haruffan da yatsa, har ta kai bakwai. Ma'aikatanta biyu na zaune suna kallo, ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga duk da sanyin garin. Ta tambaye ni, wanda zai karanta allon nan a garinmu a tsaye yake ko a tafe? Na ce galibi a bayan moto yake. Ta ce, "Daƙiƙa nawa ke gare shi?" Na yi shiru.

Shekara tara ina sana'ar nan ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na fito ina jin haushinta, har na ce a raina me ta sani game da kasuwarmu. Da dare na buɗe aikin a kwamfuta na ƙanƙanta shi, na ga gaskiyarta. Sunan shagon ma ya ɓace tsakanin furanni da hoton mai shagon.

Ta ɗauke ni gwaji, kuma ita ta ba ni labarin Adrian Frutiger, ɗan ƙasar Suwis da ya tsara haruffan allunan filin jirgin Charles de Gaulle na Paris, wanda aka buɗe a 1974. Abin da ya dame shi kawai shi ne matafiyi mai sauri, ɗauke da kaya, ya iya karanta allo daga nesa ko daga gefe. Shi ya sa ya bar bakin haruffa irin c da e a buɗe, don kada su rikiɗe su zama o. Haruffan ba su da ado ko kaɗan, kuma har yau ana aiki da su a ƙasashe da yawa.

Mu kuwa ga yadda muke yi, kuma kada wanda ya ji haushi, da ni a ciki. Ba mai wucewa muke yi wa allo ba, Alhajin da ya biya muke yi wa. Ya tsaya a bayanka ya ce, "Yaro, ƙara girman hotona." Ka ƙara. Ya ce, "Ga fili nan ya rage, sa mota." Shagon atamfa ne fa, amma ka sa mota. Ya ce kuɗin mita uku ya biya, a cika masa mita uku. Lambar waya huɗu, addu'a, jerin duk kayan da ke shagon har da allura. Ba ma iya ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan filin da babu komai shi zai sa a ga sunanka," don muna tsoron ya tafi shagon gaba. Katin ɗaurin aure ya fi muni. Sunayen iyalai da abokan ango sun cinye takardar, ranar da wurin suna can ƙasa cikin haruffa masu lanƙwasa, sai mutum ya buga waya ya tambaya. Ga Faransancin da ba mai dubawa kafin a buga, kuskure ya zauna a bakin titi shekara biyar.

Abin da ya fi burge ni a nan kwalin magani ne. Idan maganin yana iya hana mutum tuƙi lafiya, akwai alama mai kusurwa uku da hoton mota a ciki, rawaya ko ruwan lemo ko ja gwargwadon haɗarin. Wanda ke cutar da mai ciki yana ɗauke da hoton mace mai ciki. Sunan maganin kuma an danna shi da rubutun makafi, ana shafawa a ji. Ranar da na fara lura da wannan, Inna ce ta faɗo mini, da ƙwayoyinta da ake ƙulla mata a leda ba suna ba kwanan wata, tana bambanta su da launi, fari da safe, ja da dare. Sai dai a nan ma muna da abin yabo. Ɗan layin da mai farmasi ke ja da biro a bayan kwali, ɗaya safe, ɗaya rana, biyu dare, babu zanen da ya fi shi aiki ga wanda bai yi boko ba. Na nuna wa Madam, mai wurin aikinmu, ta daɗe tana dubawa.

Kada ku ɗauka komai nasu daidai ne. Ku shiga kanti da ni ku ga wahala. Gaban kwalin alewa ko yogot haruffa manya, launi kamar biki, amma abin da ni Musulmi nake nema, ko akwai sinadarin alade a ciki, yana baya cikin rubutun da dokarsu ta yarda tsayin ƙananan haruffansa ya tsaya a milimita 1.2. Sai in tsaya ina kai kwali kusa da ido, mutane na raɓa ni da kekensu. Wanda ya tsara wannan ya san aikinsa sarai, ɓoyewa ya yi da gangan, kuma wannan ya fi jahilcinmu ɓata mini rai. Haka wata wasiƙa da wani ofishin gwamnati ya aiko mini, shafi uku cunkushe, ranar da ake so in kai takarduna tana tsakiyar shafi na biyu ba a ko ƙara mata kauri ba. Saura kwana biyu wa'adin ya wuce na gan ta.

Kuma titunansu, duk tsabtar allunan, wani lokaci sai in ji sun yi mini shiru. Ina kewar allon wanzamin nan na hanyar Rumde Ajiya, wanda wani dattijo ya zana da fenti tun muna yara: kawuna shida, aski shida, sai kalma ɗaya a sama. Daga tsallaken titi kake sanin abin da ake yi a wurin, ko ba ka iya karatu ba. Shi bai taɓa ganin CorelDRAW, manhajar zane a kwamfuta, ba, mu da muka samu kwamfuta muka bi irin allunansa muna sauke su muna rataya leda mai ƙyalli da rana ke cinyewa kafin damina biyu.

Don Allah ɗayanku ya bi ta can cikin makon nan ya ɗauko mini hoton allon idan yana nan, a tsaye sosai, da safe kafin rana ta haske shi. Ku kuma turo mini sunayen magungunan Inna da yadda likita ya ce ta sha, zan tsara mata takarda da manyan alamu ku buga ku manna mata a bangon ɗaki. A gaishe da maigida da mutanen shago duka.