Wane dodon koɗi ya dace da tankin ruwan teku a zafin Maraɗi?

Duk wanda ya kafa tankin gilashi na kifin teku ya san yadda gansakuka ke farawa. Da fari wata ƙura ce mai ruwan ƙasa a jikin gilashi da kan yashi, bayan 'yan makonni sai koren gashi ya tsiro a duwatsu. Maganin da masu kiwo suka fi yarda da shi shi ne dodon koɗin teku, wanda ke bi yana kankare ta da harshensa mai kaushi kamar magagari.

Amma kafin ka tambayi wanne ya fi ci, fara tambayar wanne zai rayu a garinmu. Ruwan irin wannan tanki ana son sa tsakanin digiri 24 da 27, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi kan haura 40, ga ɗaukewar wuta. Ga kuma nisan hanya, don ko ta Kano da Katsina aka biyo da shi, ko ta Yamai mai nisan fiye da kilomita 600, a gajiye yake isowa.

Da wannan ma'auni, nau'in da ake kira Trochus ne na gaba a wurina. Ƙoƙonsa mai tsini ne kamar malfa, asalinsa ruwan ɗumi na tekun Indiya da Fasifik, don haka yana jure ɗumin ruwa. Yana share gilashi da duwatsu, kuma ba ya yawan ture kaya. Abin da ya fi burge ni shi ne idan ya faɗo ta baya yana iya juya kansa. Kada ka raina wannan, domin wanda ya kife ya kasa tashi ko yunwa ta kashe shi, ko kaguwa ta cinye shi. Idan ruwa ya yi masa daɗi har haihuwa yakan yi a tanki.

Astraea, ɗan yankin Karebiyan da Fulorida, da ido ya yi kama da shi, kuma nan ne mai saye ke ruɗewa. Shi ma gwani ne wajen share gilashi, sai dai idan ya kife a kan yashi da wuya ya tashi sai ka sa hannu. Idan kana fita kasuwa tun safe sai magariba, ko kana yawan tafiya, bar shi.

Turbo na Mesiko shi ne sa a cikinsu. Yakan kai girman ƙwan zabo, kuma babu kamarsa wajen cinye doguwar gansakuka mai kama da gashi. Aibinsa biyu. Yana ture duk dutse ko murjanin da ba a manne da kyau ba. Sannan daga mashigin tekun Kalifoniya da ke Mesiko yake, inda ruwa ke sanyi a wani ɓangare na shekara, shi ya sa ba ya daɗewa a ruwa mai zafi. In ba ka da na'urar sanyaya ruwa, ko ɗaki mai sanyi da sola ke riƙe da shi, kada ka kashe jikkunanka a kansa. Wanda ake kira Margarita ya fi shi muni a nan, ɗan ruwan sanyi ne zalla.

Wasu ƙanana biyu sun cancanci wuri. Cerith siriri ne, yana shiga cikin yashi da lungunan da manya ba sa kaiwa. Nerite ɗan bakin gaɓa ne, ya saba da ruwa ya janye ya bar shi a rana, don haka yana da juriya, amma yana hawowa ya fita, sai da murfi. Nassarius kuwa, ko mai sayarwa ya haɗa maka shi cikin masu cin gansakuka, mushe da ragowar abincin kifi yake ci. Yana da amfaninsa, amma ba wannan aiki ba.

Sayi kaɗan. A tankin lita 100, fara da Trochus uku ko huɗu da 'yan Cerith, ka ga yadda za a yi. Masu zuba ashirin rana ɗaya, gansakuka na ƙarewa sai yunwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya, gawarsu kuma ta ɓata ruwan. In tanki ya yi fes, a ba su busasshen ganyen teku da ake kira nori.

Ranar da suka iso, sunsuna kowanne, domin matacce warinsa ba ya ɓuya. Mai rai idan ka taɓa shi zai ja jiki ya rufe ƙofarsa. Kada ka juye su kai tsaye, ka riƙa ɗiga ruwan tankinka cikin nasu har kamar awa guda, saboda canjin gishiri farat ɗaya na kashe su. Gishirin ya tsaya wajen giram 35 a kowace lita, kuma na musamman ne da aka haɗa don tanki, ba na miya ko na Bilma ba. Lokacin hunturu da bazara ruwa na saurin ƙafewa ya bar gishirin, sai a cike gurbin da tataccen ruwa mara gishiri. Tankin da aka taɓa zuba wa maganin kifi mai jan ƙarfe kuwa, kada dodon koɗi ya shige shi.