Bone na Jeff Smith: littafin zane mai farko da ƙarshe

Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a Saudiyya a 2018, inda aka fara da nuna Black Panther na kamfanin Marvel a Riyad, yaran Hausawa mazauna Jidda da Makka suka bi sahun takwarorinsu wajen matsa wa iyaye lamba a saya musu littattafan labarin zane na jarumai masu tashi sama da fasa bango. Littafin da nake bita a nan daga Amurka ya fito kamar waɗancan, kuma a manyan kantunan littattafai akan jera shi kusa da su, amma hanyarsa daban ce, kuma ina ganin ya fi dacewa da kuɗin mai saye fiye da yawancin maƙwabtansa. Sunansa Bone, wanda Jeff Smith, mutumin jihar Ohayo, ya rubuta ya kuma zana da hannunsa.

Ba za a gane darajarsa ba sai an san yadda kasuwar jaruman take. Superman ya fara fitowa a 1938, kuma samarin da suka ƙirƙiro shi, Jerry Siegel da Joe Shuster, sun sayar da haƙƙinsa ga kamfani a kan dala 130 kacal. Tun daga nan al'adar ta kafu: jarumi dukiyar kamfani ne, marubuta da masu zane ma'aikata ne da ke zuwa su wuce. Wannan yana shafar mai karatu kai tsaye, domin kamfanin da ke cin abinci da jarumi ba zai taɓa barin labarinsa ya ƙare ba. An kashe Superman a 1992, duniya ta ɗauka, sai ga shi ya dawo a 1993. A 2011 kamfanin DC, mai Superman, ya mayar da jerin mujallunsa 52 zuwa lamba ta ɗaya, ya sake wa jarumai da dama tarihi. Uban da ya saya wa ɗansa kundi ɗaya yakan tarar cewa rikicin ya faro ne a wata mujalla, kuma ƙarshensa yana cikin wata ta uku mai ɗauke da sunan wani jarumin. Kasuwa ce da ba ta tashi, kuma da gangan aka tsara ta haka.

Shi kuwa Smith kamfanin kansa ya kafa, Cartoon Books, ya fara fitar da Bone a 1991, ya kammala a 2004 bayan fitowa 55, sa'an nan aka haɗe su duka a kundi guda mai shafi sama da 1,300. Labarin wasu 'yan uwa uku ne, ƙananan halittu farare masu santsin kai, waɗanda aka koro daga garinsu saboda haɗamar ɗayansu, Phoney Bone. Garken fara ya tarwatsa su a hamada, kowa ya faɗa wani kwari da bai sani ba, inda suka gamu da wata budurwa mai suna Thorn da kakarta, tsohuwar da ke tseren gudu da shanu a ƙafa kuma ta saba cinye su.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Smith yake sarrafa lokaci a kan takarda. A farkon littafin an gargaɗi Fone Bone, ɗaya daga cikin 'yan uwan uku, cewa hunturu a kwarin nan ba ya sallama. Yana zaune bai ankara ba, sai dusar ƙanƙara ta faɗo gaba ɗaya a dunƙule, ta rufe shi da dajin duka a zane guda. Ba a yi bayani ba, kuma ba a buƙatar bayani. Yaron da bai iya Turanci ba ma zai tuntsire da dariya. Haka kuma batun tseren shanu, inda Phoney ya sa ɗan uwansa Smiley ya shiga rigar saniya domin ya damfari ƙauyawa su zuba ƙwai da dabbobinsu a caca. Tun ana dariya har mai karatu ya farga cewa abubuwan da aka jefa a matsayin wasa a shafukan farko, har da farar nan, su ne ginshiƙan yaƙin da zai ɓarke can gaba. Irin wannan shuka da girbi ba ta yiwuwa sai ga marubucin da ya san inda zai tsaya, kuma babu edita a kansa da zai ce ya ja labarin domin ciniki. Wanda ya mutu a ƙarshen Bone ya mutu ke nan, shi ya sa fargabar da ake ji a babin ƙarshe ta gaske ce.

Duk da haka, littafin ba ya rasa abin cewa. Kashinsa na biyu ya yi nauyi da tarihin sarauta da mafarkai da yaƙe-yaƙe, raha ta ragu, kuma ina ganin da akwai editan da zai rage wasu shafuka da bai yi asara ba. Ikon da ya ba mai littafi 'yanci shi ne kuma ya hana a taka masa birki. Dole ne kuma a fara daga shafin farko, alhali mujallar jarumi ana iya tsinta a tsakiya a ji daɗin faɗan da ke ciki, tun da yaro ya riga ya san fuskokin daga fim.

Iyaye su sani cewa Smiley ba ya rabuwa da sigari a baki, wani ɓangare na labarin a mashaya yake gudana, ga kuma cacar da na ambata, ko da yake mai shirya ta ya sha wuya a kanta. A Amurka ma littafin ya shiga jerin goma da aka fi kai ƙara a kansu a ɗakunan karatu a 2013. Labarin yana da nasa tatsuniyoyin halittar duniya da dodanni, waɗanda ya kamata babba ya zauna da yaro ya bayyana masa cewa ƙage ne. Bugun da nake magana a kansa na Turanci ne, ana karanta shi daga hagu zuwa dama, saɓanin manga ta Japan da yaranmu masu karatun Larabci suka saba da ita, amma jimlolinsa gajeru ne, zane kuma yana ɗaukar rabin nauyin.

Game da wanda za a saya, akwai manyan iri biyu. Kundin guda baƙi da fari ne, kuma a nan ne kyan alƙalamin Smith ya fi fitowa, sai dai nauyinsa ya fi ƙarfin hannun ƙaramin yaro, kuma ba abin sakawa a jakar makaranta ba ne. Kamfanin Scholastic ya fitar da shi da launi a littattafai tara tsakanin 2005 da 2009, kuma su nake ba gida mai yara da yawa shawara, domin ana iya sayen na farko a gwada, in ya karɓu a ci gaba, yayan yana na uku ƙanin yana na ɗaya ba tare da rigima ba. Babban da zai karanta wa kansa kuwa ya nemi kundin guda.