Na'urar CROS mai taimakon ji bayan wata takwas a kunnena

Tun da aka ciro min ƙarin nan kunnena na hagu ya mutu murus, kuma dama likita ya faɗa min kafin a shiga tiyata, wai hanyar da za su bi ta bayan kunne dole a rasa jin wannan ɓangaren. Ƙarin jijiyar kunne ne, akustik niyuroma inji likitoci, ba ciwon daji ba ne, tsiro ne a kan jijiya ta takwas mai kai ji da daidaiton tsayuwa zuwa ƙwaƙwalwa. A hankali yake girma, shi ya sa wasu ba a ma taɓa su sai dai hoton MRI lokaci-lokaci, wasu a ƙona shi da hasken Gamma Knife. Nawa kam ya riga ya ƙosa.

Watannin farko jiri ne ya wahalar da ni, ruku'u ma sai na dafa bango, a zaune na yi ta sallah, idon hagu ba ya rufuwa sai ɗigon magani, baki ya ɗan karkace har gwaggona ta ce iska ce a nemo mai ruƙiyya. Atisayen daidaito da tattaki kullum da yamma su suka miƙar da ni, fuskar ma ta dawo kusan daidai alhamdulillah.

A zaman bidiyo na ƙungiyar masu wannan ƙari ta Amurka, ANA, wadda aka kafa tun 1981, na fara jin sunan CROS. Yammarsu tsakar darenmu ce amma na daure na shiga, kuma wallahi su suka faɗa min gaskiyar abin fiye da wanda ya sayar min, shi kam cewa ya yi kamar sabon kunne.

Ba sabon kunne ba ne. Guda biyu ne, na mataccen kunnen makirfo ne kawai yana ɗauko magana ya tura wa na kunnen dama, ba wata igiyar waya da ta haɗa su. Inda ta yi min rana shi ne zama kusa da mutum, in na shiga gaban mota direba na haguna yanzu muna hira ba sai na murɗe wuya kamar mujiya ba, a majalisa ma na daina rigimar neman kujerar ƙarshe, sannan in na gefena a sahu ya ce matso ina ji. Da can mutane sun ɗauka girman kai na fara, a yi min sallama in wuce.

Amma gane inda sauti ya fito, babu. Komai a dama yake sauka, ɗan adaidaita ya danna hon sai na waiga ko'ina kamar ɓarawon akuya, tsallaka titi har yau da ido nake yi. Kasuwa ko wajen biki kuwa cire ta nake in sa a aljihu don hayaniyar hagu take kwasowa ta zuba wa kunnen mai lafiya. Shuuu ɗin da nake ji a mataccen kunnen shi ma yana nan daram.

Sai caji, tana shan wuta sosai, ranar da ba a kawo nefa ba da fawa bank nake lallaɓawa. Gumi da ƙurar hunturu ma ba ta so, kullum da dare sai na goge.

Kuɗinta ba wasa ba, don haka duk mai niyya ya roƙi a ba shi gwaji tukuna, ya shiga da ita masallaci da kasuwa ya ji da kunnensa. Ni dai a biyar na ba ta uku da rabi, kuma gobe da safe zan sake maƙala ta.