Layi ko Tambaya: Yadda Manhajar VR Za Ta Karɓi Bayanan Motsi

Wani ƙanenmu daga Aboabo, Kumasi, yana haɗa manhajar VR, wadda mutum zai sa tabarau na musamman ya ga kamar yana zaga kasuwar Kejetia. Ya tambaya: ya jera bayanan motsin kai a layi ne yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ko ya riƙa tambayar matsayin kai duk sanda zai zana hoto?

Ƙanena, fara da lissafi. Tabarau mai zana hoto 90 a sakan ya ba ka milisakan 11 kacal ga kowane hoto, na'urar jin motsi kuwa tana iya kawo karatu 1000 a sakan. Daga juyawar kai zuwa canjin hoto ana so kada a haura milisakan 20, in ba haka ba jiri da tashin zuciya su biyo baya.

Layi ba ya zubar da komai, amfaninsa ke nan. Amma kamar layin trotro (motar haya) ne, wanda ya riga zuwa shi ke shiga. Manhaja ta tsaya milisakan 50 tana loda rumfuna, karatu 50 sun taru. Ka ɗauki na gaba, ka zana inda kai yake ɗazu. Mutum ya waiga, kasuwa na biyo shi a makare.

Tambaya ita ce tsarin OpenXR, ƙa'idar da manhaja ke bi ta yi magana da tabarau, wanda ƙungiyar Khronos ta fitar a 2019. Umarnin xrWaitFrame zai ba ka lokacin da ake hasashen hoton zai bayyana, ka miƙa wa umarnin xrLocateViews wannan lokacin, ya ba ka matsayin idanu na wannan lokacin. Rauninta, abin da ya faru tsakanin hotuna biyu ya wuce ka. Kuma kullum ka duba alamar ingancin da ke tafe da amsar, domin a ɗaki mai duhu ko gaban farin bango kyamarar tabarau kan rasa abin kamawa.

Don zane, tambaya nake ba ka shawara, babu tantama. Layi ka bar shi wa ajiya da gane motsin hannu, ka yi shi ma'aji mai zagayawa, sabo ya hau kan tsoho, a ware daga aikin zane. Kowane karatu bayit 36 ne: 12 na wuri, 16 na juyawa, 8 na lokaci. Kai da hannu biyu, sau 90 a sakan, bai cika bayit 10,000 ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne agogo. Hatimin lokaci duka ya fito daga agogo ɗaya wanda ba ya komawa baya. Ka gauraya shi da agogon waya, hoto zai riƙa tsalle. Juyawa kuma ka adana ta da lambobi huɗu na kwataniyan, wata hanyar lissafin juyawa, domin adanawa da kusurwa uku na rikicewa idan mutum ya ɗaga kai sama sosai.

In za ka tura bayanan zuwa saba, wato kwamfutar ajiya ta intanet, nemi izinin mai su tukuna. Tsayin mutum da salon motsinsa na iya fallasa ko wanene, kuma Gana na da dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843.