Na biya kuɗin shekara guda, ranar Motegi ya bar ni da hoto a tsaye

Mutum uku ke nan suna tambayata a kan manhajar nan da na sa a akwatin talabijin ɗina don kallon tseren babura, wai ko su ma su biya. Mai sayar da ita ba sai na kama suna ba. Duk wanda ke zaurenmu na WhatsApp ya san shi, ya kuma san abin da yake karɓa. To bari in amsa sau ɗaya in huta.

A watan Afrilun 2025 na biya na shekara. Alkawarinsa shi ne MotoGP da Superbike da tseren TT na tsibirin Man, duka a wuri guda, kai tsaye. Gaskiya watannin farko ban da abin cewa. Ranar 11 ga Mayu, da ruwa ya rikita tseren Le Mans, mahaya suna ta shiga suna canja babur, hoton nan tar yake, har feshin ruwan da ke tashi daga tayar baya ana gani. A gabana Johann Zarco ya ci a kan Honda, Bafaranshe na farko da ya ci tseren Faransa a babban aji tun 1954. Ran nan na shiga zaure na yabi mutumin nan son raina, na ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Mutum biyu sun biya saboda maganata, kuma har yau ina jin nauyinsu.

Sai ranar Lahadi 28 ga Satumba.

Wanda ba ya kallon tsere ba zai gane abin da ranar take nufi ba. Ni tun 2013 nake bayan Marc Márquez, shekarar da ya shigo babban aji ya ɗauke kambu yana ɗan shekara 20. A garejinmu tun rigimar Márquez da Valentino Rossi a tseren Sepang na 2015 aka rabu gida biyu, masu lamba 46 ta Rossi da masu lamba 93 ta Márquez, kuma maigidana na Rossi ne har gobe. Da Márquez ya karya hannun dama a Jerez a 2020, aka yi ta yi masa aiki har sau huɗu, ba irin gorin da ban sha ba. Kullum Oga sai ya ce, "Yaronka fa ya zama kwankwatsattsen inji, sai dai a sayar da shi a kilo." Ya bar Honda, ya yi shekara a ƙungiyar Gresini, ya hau jar Ducati ta kamfani. Yanzu ga shi a Motegi ta Japan, filin Honda ɗin da ya bari, abin da ya rage kawai ya ƙara wa ƙaninsa Álex, da ke bi masa a maki, tazarar maki kaɗan ya zama zakara bayan shekara shida.

Tseren Japan ƙarfe shida na safe yake kamawa a wurinmu. Tun ranar Asabar na sayi man janareto, na loda data. Daga masallacin Asuba muka wuto gida ni da ƙanina da yaran gareji biyu, uwargida ta ajiye mana fulas ɗin shayi ta koma ta kwanta. Aka tashi lafiya. Bagnaia, abokin hawan Márquez a Ducati, ya wuce gaba, Márquez ya bi Acosta a hankali har ya samu ya wuce shi ya zauna na biyu, Álex yana can baya. Sai ga hayaƙi ya fara fita daga babur ɗin Bagnaia. Mu da gyaran babur ne sana'armu, duk muka miƙe tsaye. Ɗaya daga cikin yaran yana cewa mai ne yake ƙonewa, ƙanina yana rantsuwa injin ba zai kai ƙarshe ba. Ana cikin wannan musun hoto ya tsaya cak. Jar Ducati ta kwanta a kwana, gwiwar mahayi a ƙasa, da wani ɗan zobe fari yana ta juyawa a tsakiyar allo.

Na kashe akwati na kunna. Na cire layi na sa wani. Na jona da wayar ƙanina. Na buɗe YouTube don in gwada, ya buɗe garau, ke nan ba netwok ɗina ba ne. Na kira mutumin sau bakwai, waya a kashe. Shayi ya huce a kofi ba wanda ya taɓa. Da hoton ya dawo, wajen minti arba'in, maimaicin tseren ƙaramin aji na Moto3 suke nunawa kamar ba abin da ya faru a duniya.

Kun san ta inda na ji labari? Ta bakin Oga. Shi da ba ya son yaron, shi ya kira ni: "To, barka. Yaronka ya yi na biyu, ya ɗauka. Ga shi can yana ta kuka kamar an yi masa rasuwa." Shekara shida ina jiran in ga wannan kukan da idona, sai na ji shi a waya daga bakin abokin adawa. Na ga bidiyon daga baya, na ga Joan Mir ya hau na uku a kan Honda, na ga babur ɗin Bagnaia ya kai da hayaƙinsa. Amma abin da ka riga ka san ƙarshensa ai ɗumame ne. Abin da ya ƙara mini takaici, mako guda bayan nan a Mandalika ta Indunusiya aka buge Márquez a zagayen farko ya ji ciwo a kafaɗa, bai sake hawa ba har kakar ta ƙare.

Sai bayan La'asar mutumin ya amsa saƙona. "Yallabai a yi haƙuri, sabar da ke turo hoton ce ta cika." Na ce, "Malam, ranar da kowa zai kalla ai ita ce ranar da na biya kuɗi dominta." Ya ce zai ƙara mini mako biyu kyauta. Mako biyu!

Da na zauna rubuta wannan niyyata in ce matsala ɗaya ce a shekara, a yi masa uzuri. Amma yanzu da nake tunawa, ai ba ita kaɗai ba ce. TT ɗin da ya yi alkawari fa? Tseren da ake yi a kan titin gari, kilomita 60 kowane zagaye, tsakanin gidaje da katangun dutse, ana sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya duk daƙiƙa 10. Duk makon nan na farkon Yuni tashar da ya rubuta wa TT tsofaffin bidiyo take maimaitawa. Michael Dunlop ya ci huɗu ya kai nasara 33, ni kuwa a rubuce na karanta. Babban tseren ƙarshe iska ce ta sa aka soke shi, wannan ba laifinsa ba ne, amma sauran fa? Na yi shiru a lokacin don daɗin Le Mans bai sake ni ba. Ga kuma muryar mai sharhi da ke riga hoto da daƙiƙa biyu ko uku, ka ji ana ihun wani ya faɗi alhali kana ganinsa a kan babur. Na saba da shi har na daina lura.

Inda ban da ƙorafi shi ne Superbike, ƙila don masu kallonsa ba su da yawan da za su cika masa sabar. Babura ne da aka gina a kan irin waɗanda ake sayarwa a shago, ba kamar na MotoGP da ake ƙerawa don tsere kawai ba, shi ya sa mu makanikai muke jin kamar namu ne. Na kalli Toprak na Turkiyya a Jerez a watan Oktoba yana ɗaukar kambunsa na uku, yana taka birkin nan nasa da tayar baya ke ɗagawa sama, ko sau ɗaya hoto bai yanke ba.

Shekaranjiya ya turo mini saƙo wai lokacin sabuntawa ya kusa, akwai ragi ga tsofaffin kwastomomi. Toprak ya koma MotoGP a kan Yamaha, ina so in ga yadda zai kaya da su, kuma kuɗin kallo ta hanyar masu gasar da Yuro ake biya. Na buɗe saƙon, na rubuta masa "na wata ɗaya nawa ne", ban tura ba tukuna.