Fim ɗin mai suyar awara ya faɗi gaskiya, sai ƙarshensa ya ɓata mini rai

Ƙanwata da ke karatu a Samaru ce ta turo mini fim ɗin, ta ce wasu matasa ne suka haɗa ɗan abin hannunsu suka shirya shi a nan Zariya ba tare da wani babban kamfani ya tsaya musu ba, suka ɗora shi a YouTube. Da farko ban ba shi muhimmanci ba, domin na gaji da finafinan da ake nuna talauci alhali jarumar tana sanye da sabuwar atamfa, fuskarta cike da kwalliya. Bayan sallar isha'i, da yara suka kwanta, na sayi data na buɗe shi, ban kuwa tashi daga kan tabarma ba sai da ya ƙare.

Labarin wata mata ce mai 'ya'ya uku wadda mijinta ya daɗe yana dukanta, daga bisani ya sake ta, ta koma suyar awara a bakin titi. Wuraren duk na gane su, daga lungunan Tudun Wada har cunkoson Kwangila. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami wuri ɗaya ne, inda ta yi yaji ta isa gidan iyayenta bayan magariba, da goyo a baya, idonta na hagu ya kumbura har ya rufe. Mahaifiyarta ta ɗora ruwa a wuta, ta tsoma tsumma tana gasa mata idon a hankali, hannunta yana rawa, amma bakinta yana cewa, "Ki yi haƙuri, 'yar nan, ki koma ɗakinki, ni ma haka na zauna da mahaifinki." Mahaifin bai ko shigo ba, daga zaure ya ɗaga murya ya ce a raka ta kafin dare ya yi. Ba a sa kiɗa ba, ba a sa waƙa ba, kyamarar ta tsaya a kan hannun tsohuwar da tsumman da ke fitar da tururi.

A nan na tsayar da fim ɗin na yi kuka mai isata. Ina da shekara 9 lokacin da na bi Innata zuwa gidan kakanninmu a irin wannan hali, kuma maganar da aka faɗa mata ke nan, kusan kalma da kalma. Duk wanda ya rubuta wannan wuri ya ga abin da idonsa, domin ya gane cewa uwar da ke mayar da 'yarta gidan duka tana ƙaunarta, tsoron zawarci da bakin mutane ne kawai suka fi ƙarfinta.

Sana'ar ma sun nuna ta yadda take: jiƙa waken suya tun dare, kai niƙa da asuba, tacewa, zuba ruwan tsami, danne ƙullin da dutse, sannan zaman ƙirga kuɗi da dare ana ware uwar kuɗi daga 'yar ribar da ba ta kai ta sayen mudun gari ba. Duk macen da ke suya tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 za ta ga kanta a wannan lissafi. Ƙarar janareta ta cinye wasu maganganu a tsakiyar fim ɗin, na kuma yi musu uzuri, tunda ƙarfinsu ke nan.

Abin da na kasa yi musu uzuri a kansa shi ne ƙarshen. Saura minti goma a tashi, sai ga wani Alhaji ya tsaya da mota sayen awara, ya gan ta, ya nemi aurenta, aka ɗaura, yara suka koma makarantar kuɗi, fim ya ƙare. Wallahi raina ya ɓaci. Innata ta yi shekara 14 tana tuyar ƙosai kafin yayanmu ya samu aiki, babu motar da ta taɓa tsayawa don ita, haka nan zawarawan da ke unguwarmu yau.

Da na kwana da abin a raina, sai na tuna wani giɓi da ya fi wannan girma. Tun daga farko har ƙarshe babu wanda ya tambayi tsohon mijin haƙƙin 'ya'yansa, babu malami, babu dattijo, babu alƙali. Alhali aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyarwa da tufatarwar mai shayarwa a kan uban jariri, ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta a cikin idda, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, riƙon yara na uwa ne, ciyar da su na uba. Jihar Kaduna ma tana da dokar hana cin zarafi tun 2018. Ko da za su nuna ta tana ta zarya a kotu ana ɗage zama, da sun ci gaba da faɗin gaskiyar da suka fara, da kuma wata mai kallo ta san akwai ƙofar da za ta buga.

Duk da haka na tura wa yayyena maza biyu, na ce su kalla saboda wurin gasa idon nan. Innata kuwa ban nuna mata ba, ba na so ta ga motar Alhajin.